Daga Tukubar Kawu Zuwa Jami'a

Ina aji biyar na sakandare gwiwata ta dama ta fara ciwo. A lokacin ina zaune a Jega wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda mahauci ne mai tukubar tsire a bakin tasha. Iyayena suna Maiyama. Baba manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani, kuma shi ya ga ya fi in yi karatu a Jega tun da can akwai mai sa mini ido.

Da farko na ɗauka faɗuwar da na yi a kan keke ce, na shafa man zafi na ci gaba da harkokina. Sai wurin ya kumbura ya yi tauri, har zaman tahiya ya fara gagarata sai na miƙe ƙafar gefe. A masallaci Kawu ya lura. Da aka sallame ya ce in naɗe wando, ya latsa gwiwar da babban yatsa kamar yadda yake latsa cinyar sa kafin ya taya, ya ce gobe da safe za mu Aliero wurin mai ɗori.

Mun tarar da zauren mai ɗorin cike da mutane, wasu daga garuruwa masu nisa, kowa da karayarsa. Dattijo ne marar yawan magana. Da layi ya zo kaina ya daɗe yana shafa gwiwar, ya tambaye ni ko tana hana ni barci, na ce tana hanawa. Sai ya saki ƙafar a hankali ya dubi Kawu.

"Wanga ba targaɗe ba na, ba kuma tsagewar ƙashi ba ta. Ba aikin hannuna ba na. Ku tahi da shi babban asibiti Sakkwato, kada ku tsaya ko'ina."

Kawu ya sa hannu a aljihu, dattijon ya girgiza kai ya kira na bayana.

A Sakkwato aka ɗauki hoton ƙashin, aka ɗebi ɗan yanki aka kai gwaji, sannan aka ce a kira mahaifina. Ranar da Baba ya zo likitan ya zaunar da mu ya faɗi sunan abin, ciwon daji ne a cikin ƙashi. Ya ce sai an yanke ƙafar daga saman gwiwa, bayan haka kuma akwai magani mai ƙarfi da za a riƙa ɗaura mini kamar ƙarin ruwa. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban baƙo ba.

"Likita, in an yanke zai rayu?"

"Muna sa rai ƙwarai, da yardar Allah. An zo da shi da sauran lokaci."

"To ku yanke."

Ba ni da abin faɗa mai yawa a kan watannin da suka biyo baya, domin rabinsu a galabaice na yi su. Inna, mahaifiyata, ta baro ƙannena wurin kakarmu ta shimfiɗa tabarma a ƙasan gadona. Gashina ya zube, bakina ya yi ƙuraje, kunun gero kaɗai ke zama a cikina, shi ma sai an tsinka shi. Abin da ya riƙa ba masu jinya dariya shi ne, ni ɗan manomin albasa, na zama ba na iya jure warinta ko daga nesa. In Baba ya zo dubiya sai Inna ta tare shi a bakin ƙofa ta sa ya wanke hannu da sabulu. Sai da aka sallame ni na ji cewa ya sayar da rabin fadamarsa.

Na koma Maiyama da sanduna biyu da wando mai ƙafa ɗaya a naɗe. Kowa yana lallaɓa ni, ba a barina in ɗauki ko buta. Ina zaune a zaure daga safe har yamma ina kallon mutane suna tafiya gona suna dawowa, har na fara jin haushin masu gaishe ni. Wata ranar kasuwa Kawu ya zo, ya dube ni, ya ce wa Inna zai tafi da ni.

"Ina za ka kai shi haka?" in ji Inna.

"Wurin aiki. Ƙahwa aka yanke mishi, hannuwa suna nan."

Haka na koma Jega. Kawu ya sa mini benci a bayan tukuba, aikina in soke nama a tsinke, in barbaɗa ƙuli, in naɗe wa masu saye a takarda. Na ji daɗin wannan zaman fiye da yadda zan iya kwatantawa. Direbobi da 'yan kamasho suna zuwa suna zolayata kamar yadda suke zolayar kowa, ni ma ina ramawa. Da hantsi, kafin a hura wuta, babu ciniki, sai in buɗe littattafaina. 'Yan ajinmu sun riga sun gama, amma Kawu ya je makarantar ya roƙa aka sa sunana cikin na bayanmu, na zauna jarabawar kammala sakandare tare da su. Na ci, har da sakamako mai kyau. Maganar jami'a kuwa ban tayar da ita ba, babu kuma wanda ya tayar. Na san abin da ya rage a hannun Baba, ga ƙannena suna tasowa. Na riga na shirya a raina cewa nan da 'yan shekaru zan buɗe tawa tukubar.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai a zaman tasha. Wata rana ina tsaye a bakin hanya, na dogara a sandunana ina jiran ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni a babur, sai wata mota ta tsaya ɗaukar fasinja. Wata mata ta ziro hannu ta taga da kuɗi.

"Ungo, bawan Allah. Sadaka."

Na waiga in ga da wa take, babu kowa a bayana. Na ce, "Hajiya, ba bara nike ba." Kunya ta kama ta, ta yi ta ba ni haƙuri har motar ta tashi. Ba ta yi laifin komai ba, alheri ta yi niyya. Amma daga ranar ban sake fita ba sai da gogaggun kaya da hula, kuma ko na gaji ba na zama a ƙasa a cikin tasha.

Bayan haka da 'yan watanni ni da Kawu muka koma Sakkwato, domin ana duba ni lokaci-lokaci. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta kula da ni tun ina kwance, muna ce mata Sista. Ta tambaye ni labarin makaranta, na gaya mata sakamakona. Ta tafa hannu ta ce an zo wurin. Akwai wata gidauniya da wasu mutane suka kafa, suna ɗaukar nauyin karatun ɗaliban da ciwon daji ya taɓa rayuwarsu, ko su da kansu suka yi ciwon, ko iyayensu. Suna biyan kuɗin makaranta da ɗaki da littattafai, kuma a lokacin suna karɓar masu nema.

Na ce mata na gode, amma ba na so.

"Ban gane ba ka so ba," in ji ta.

"Sista, ba zan je in nuna dungun ƙafata a ba ni kuɗi ba."

Sai ta miƙa wa Kawu takardar neman, ya ninke ya sa a aljihu. Sai washegari, muna soke nama, ya tayar da zancen ba tare da ya ɗago ba.

"Sista ta ce sai an yi jarabawa kahin su ba mutum."

"Na ji."

"Kai ka taɓa ganin mai sadaka ya tsai da mabaraci ya yi mishi jarabawa?"

Na ce duk da haka, da ƙafafuna biyu ne ai ba za su kira ni ba. Ya ce da ƙafafuna biyu ne da fadamar Baba tana nan, da ba na bukatarsu. Muka yi ta ja har aka hura wuta, babu wanda ya sauko. Ranar Juma'a ya sa ni a mota muka tafi Maiyama, ya zayyana wa iyayena komai a gabana.

Inna tana tankaɗen gari, ba ta daina ba har ya gama. Sannan ta ajiye rariya ta ce, "Sana'ar kawunka ita ta ciyar da mu tun muna yara, ban raina ta ba. Amma kai boko kake so, tun kana ƙarami na sani. Ko a asibiti, ba ka iya ɗaga kai, littahi kake cewa in buɗe ma. Yanzu an buɗe ma hanya kana cewa mi?"

Baba, da yake zaune a kan turmi yana gyaran ƙotar fartanya, ya ce, "Ba ni tilasta ka. Amma ka tahi ka ji abin da za su ce. In ka ga wulaƙanci, ka taso ka dawo, ba wanda zai ga laihinka."

A kan haka na yarda. Na cike takardar, na zauna na rubuta jarabawar shiga jami'a, sannan aka kira mu ganawa a Birnin Kebbi, a wani ɗakin taro da suka ara.

Na shiga ina tsammanin zan tarar da masu sanduna irina. Sai na ga yawancinsu lafiyayyu ne garau. Wadda ke zaune kusa da ni wata yarinya ce daga Sabiyal, ita ta fara yi mini magana, ta tambaye ni ko ina da biro na biyu. Muna jira ta gaya mini mahaifiyarta ce ta yi ciwon a mama, ta bar makaranta ta yi jinyarta har Allah ya karɓi abarsa, yanzu ita ke riƙe da ƙannenta. Ta faɗa a sake, ba ta neman a tausaya mata. Na dubi sauran da ke ɗakin, na fahimci kowa da irin nasa, nawa ne kawai ake gani daga nesa.

Jarabawar ba ta wasa ba ce. Lissafi da Turanci, har gumi ya jiƙa mini hula. Bayan azahar aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya gaban mutum uku, maza biyu da wata dattijuwa mai tabarau da suke kira Hajiya, ita ce shugabarsu. Na shirya a raina cewa in suka ce in ba da labarin yankan ƙafa don su ji tausayi, zan tashi. Ba su tambaya ba, takardar asibiti tana gabansu, ta ishe su. Abin da suka tambaya shi ne me nake son karantawa. Na ce aikin gona. Ɗaya daga cikin mazan ya ce me ya sa. Na ce tun ina yaro nake ganin Baba yana tara albasa a rumbu yana jiran ta yi daraja, kafin lokacin ya zo wani kaso mai yawa ya ruɓe, kuma kowane manomi a wajenmu haka yake fama. Mutumin ya gyara zama, ashe fanninsa ne. Muka shiga maganar iska da laima da yadda ake shanya albasa bayan an cire, har na manta ganawa ake yi.

Da suka ce ko ina da tambaya, na dubi dattijuwar na ce, "Ranki ya daɗe, in kun ba ni, don tausayi za ku ba ni?"

Ta cire tabaranta. Ta ce ita ma ta yi ciwon, an yi mata aiki, kuma a shekarun jinyarta 'yarta ta fari ta rasa karatunta, ba ta koma ba har yau. Shi ya sa suka haɗu suka kafa gidauniyar.

"Ciwon shi ya ba ka izinin shigowa ɗakin nan," in ji ta, "amma ba shi zai ba ka tallafin ba. In ka faɗi jarabawarmu, ko ƙafa biyu aka yanke maka ba za mu ɗauke ka ba. In kuma mun ɗauke ka ka je ka yi wasa, za mu karɓe mu ba wani. Ka gamsu?"

Na ce na gamsu. Na fito ina jin jikina sakayau, har Kawu da ke jirana a gindin bishiya ya ɗauka an riga an ba ni.

Kiran cewa an ɗauke ni ya zo ina bayan tukuba, hannuna duk ƙuli, sai wani direba ne ya ɗauki wayar ya kanga mini a kunne. Da na faɗa wa Kawu, ya ajiye wuƙa ya yi hamdala, sannan ya ɗaga murya ya ce duk wanda ke tashar ya zo ya ɗauki tsinke ɗaya kyauta. Kafin a jima tukubar ta koma toka da tsinke. Direbobi suka yi ta danna oda har mutanen kasuwa suka fito suna tambayar wa ya yi aure.

Na samu gurbi a jami'ar da ke Aliero, yarinyar Sabiyal ma ta samu, ita tana karanta ilimin sinadarai. An ba ni ɗaki a ƙasa kusa da famfo, abokin ɗakina yana da babur, shi ke kai ni aji in yana da nisa, ni kuma ina koya masa lissafi. Wahalar da na fara sha a gonar gwaji ce. Ranar farko da muka shiga bayan ban ruwa, sandunana suka nutse cikin laka, na tafi gaba ɗaya na faɗi a kan kunyar shuka. 'Yan ajinmu suka rasa ko su yi dariya ko su ɗaga ni, sai da na fara dariyar suka biyo. Malaminmu ya ce zai iya ɗauke mini aikin gona ya ba ni na rubutu, na roƙe shi ya bar ni. A ƙarshen mako na je Jega wurin wani mai walda, ya yi wa sandunan faffaɗan gindi, ya liƙa musu yankin taya. Ba su da kyan gani, amma ban sake nutsewa ba. Daga baya gidauniyar ta haɗa ni da inda aka yi mini ƙafar roba. Ina sa ta zuwa aji da masallaci, amma a gona har yanzu sandunan sun fi mini.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. A shekara ta biyu na yi zazzaɓi mai naci da ciwon ƙirji, tsoro ya kama ni cewa ciwon ne ya dawo. Na kasa karatu, makina ya sauka a zangon. Aka duba ni a Sakkwato aka ce babu komai, sanyi ne ya shige ni. Hajiya ta kira ni a waya, ta fara tambayar lafiyata, sai da ta tabbatar na warke sannan ta ce ta ga sakamakon, kuma tana jiran na gaba. Na gyara. Tsoron kuwa bai tafi gaba ɗaya ba, har yau in wani wuri ya yi mini ciwo sai gabana ya faɗi, amma na saba zama da shi.

Duk shekara mutanen gidauniyar suna zuwa Aliero su zauna da mu, su ji matsalolinmu. A zuwansu na bara, muna tsakiyar taro a wani aji, sai na hango Baba a bakin ƙofa cikin babbar rigarsa ta sallah, bayansa wani ɗan dako ɗauke da buhun albasa. Ban san zai zo ba. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, ya ce shi ne mahaifin wancan, ya nuna ni. Sannan ya sa aka dire buhun a gaban Hajiya.

"Ga wanga, ba yawa. Daga gonata ta hito, ni na zaɓe ta da hannuna."

Hajiya ta miƙe ta yi godiya sosai, ta ce amma ƙa'idarsu ba sa karɓar komai daga iyayen ɗalibai.

"Ni kuma, Hajiya, ban taɓa kai kyauta na koma da ita gida ba," in ji Baba.

Aka tsaya cirko-cirko, ita tana murmushi, shi yana murmushi, babu mai niyyar sassautawa. Ni kuwa kunya ta sa na sunkuyar da kai. Yarinyar Sabiyal ce ta raba gardamar. Ta ce tun da an ba Hajiya, ta zama tata, sai ta karɓa da baki ta raba wa 'ya'yanta da ke zaune a nan. Hajiya ta ce ta karɓa, Baba ya ce ya yarda. Nan take aka kwance bakin buhun, kowa ya buɗe jakar littattafansa. Makonni bayan haka duk ɗakin da ka wuce a cikin namu, ƙamshin soyayyar albasa za ka ji.

Bayan taron na kai Baba ɗakina. Ya zauna a bakin katifa yana duban littattafan da ke jere a kan tebur, ya ɗauki ɗaya mai hotunan cututtukan shuka, ya daɗe yana buɗawa. Ya nuna wani hoto ya ce wannan ita ce ta cinye masa dashe bara waccan, ya tambaye ni me littafin ya ce a yi mata. Na karanta na fassara masa. Ya ce rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma marubucin bai san ƙasar Maiyama ba, in na zo hutu zai nuna mini.

Muka yi la'asar tare, na raka shi bakin titi. Motar Jega ta tsaya, ta can zai bi ya wuce Maiyama, ya shiga gaba kusa da direba, ya leƙo ya ce Inna ta ce in riƙa cin abinci, ta ji an ce na rame. Na ce ya gaya mata ƙarya aka yi mata. Motar ta tashi, ni kuma na juya na koma, domin da safe muna da gwaji.